Yawan yuriya ne ke kwantar da shinkafa ko matsewar dashe?

Mai_Fangali:
Assalamu alaikum, manoman wannan zaure. Gona eka ɗaya ce a yankin Kura, irin Faro 44, noman rani. Ganye ya yi kore shar, amma da ta fitar da kai sai ta kwanta, rabin zangarniya kuma fanko. An zuba kamfa buhu 2 da yuriya buhu 3, dashen a matse. Laifin taki ne ko na tazara? Yaya ya kamata a yi bana?

Baba_Dorayi:
Wa alaikumus salam. Malam, yuriyarka ta yi yawa ƙwarai. Buhun yuriya mai kilo 50 yana ɗauke da naitirojin kilo 23, domin kashi 46 cikin 100 ne. Buhu 3 kilo 69 ke nan, kamfa 15-15-15, mai naitirojin kashi 15 cikin 100, buhu 2 ya ƙara kilo 15. Ka zuba kilo 84 a eka ɗaya, wato sama da kilo 200 a hekta, alhali kusan kilo 100 a hekta ya ishi shinkafar ban ruwa. A eka, kamfa kilo 80 da yuriya kilo 60 sun wadatar.

Idan naitirojin ya wuce kima, gaɓoɓin kara na ƙasa sukan yi tsawo su yi laushi, ganye ya yi faɗi ya rufe hasken rana. Da kai ya yi nauyi, iska kaɗan ta isa ta kwantar da ita. Irin wannan ganyen mai taushi kuma shi tsutsar kara da cutar ƙunar ganye suke so.

Lokacin zubawa ma ya fi yawan buhu muhimmanci. Kamfa gaba ɗaya a zuba shi ranar dashe ko cikin makon farko. Yuriya a raba ta biyu: rabi bayan mako 2 zuwa 3 da dashe, lokacin da take fitar da 'ya'ya, sauran rabin kuma lokacin da ciki zai fara. Kada ka dogara da lissafin kwana kaɗai, don sanyin hunturu yana jinkirta ta. Ka ciro kara babba guda, ka tsaga shi da reza a tsaye. In ka ga wani ɗan farin tsiro kamar auduga a saman gaɓar ƙarshe, lokaci ya yi. Yuriyar da aka zuba bayan kai ya fito ba ta ƙara yawan ƙwaya, sai dai ta jinkirta nuna.

Hajiya_Mai_Casa:
Baba ya gama maganar taki, amma tazara ma da hannunta a ciki. Santimita 20 tsakanin layi, 20 tsakanin gindi, shi ne gindi 25 a murabba'in mita ɗaya. In aka matse zuwa 15 da 15, sun haura 44. Duk suna rububin haske, kowanne ya miƙe siriri, iska ba ta ratsawa. Ka haɗa wannan da yuriya buhu 3, ai dole ta kwanta. A gindi ɗaya tsiro 2 ko 3 sun isa, ba dunƙule guda ba, kuma kada a lume shi fiye da santimita 3 cikin taɓo, in ya nutse 'ya'ya ba sa fitowa da wuri.

A lura da 'yan dashe. Wanda aka yi jinga da shi so yake ya gama ya tafi, nan ya matse, can ya bar fili. Igiya mai ƙulli a kowane santimita 20 ita ce maganin gardama.

Injiniya_Kadawa:
Hajiya, 20 da 20 ba doka ba ce a kowace gona. Shekarun iri ne ke yanke hukunci. Irin da ya yi kwana 14 zuwa 21 a gadon reno yana da ƙarfin yin 'ya'ya, a ƙasa mai kyau har 25 da 25 zai cike. Wanda ya wuce kwana 30 ya riga ya tsufa, sai a rage zuwa 20 da 15 don yawan gindi ya cike giɓin.

Sai batun ruwa, wanda a nan ake asarar taki mafi yawa. Yuriyar da aka watsa a kan ruwa mai zurfi, cikin zafin rana, wani kasonta yana tashi sama a matsayin iskar amoniya, wani kuma ya bi magudana zuwa fangalin maƙwabci. A cire ciyawa tukuna, a rage ruwa har ya zama taɓo, a toshe mafita, a watsa bayan raɓa ta bushe don kada ƙwayar ta maƙale ta ƙona ganye, sannan a maido da ruwa bayan kwana 1 ko 2.

Fankon nan kuma ba lallai taki kaɗai ba ne. Sanyin dare lokacin ciki, ko zafin da ya wuce digiri 35 lokacin fure, duk suna hana ƙwaya cika. Wane wata aka yi dashen?

Mai_Fangali:
Na gode, Allah ya saka da alheri. A ƙarshen Fabrairu aka dasa, kai ya fito wajen ƙarshen Afrilu.

Injiniya_Kadawa:
To furen ya faɗa tsakiyar zafin bazara. Bana ka fara renon da wuri, mako 2 ko 3 kafin lokacin da ka fara bara, kuma kada fangali ya bushe daga fara ciki har ƙwaya ta yi tauri.