Muhawara: sa @inlinable a laburaren Swift, riba ce ko ɗaure kai?

Bashir: Salamu alaikum jama'a. Ni matsayina shi ne, duk mai rubuta laburaren Swift, yaren rubuta manhaja na Apple, da zai raba wa mutane a haɗe, wato bainari, ya nisanci @inlinable. Da ka sa wa fankshin wannan alama, ka ba kwamfaila, mai juya kod zuwa bainari, izinin kwafe jikinsa ya cusa a cikin manhajar wanda ya kira shi. Gobe ka gano kuskure ka gyara, tsohuwar manhaja tana nan da tsohon jikin har sai mai ita ya sake haɗa ta. To ina amfanin tsayayyen ABI, wato ƙa'idar da ke barin manhaja ta ci gaba da aiki da laburare ba tare da an sake haɗa ta ba, da aka sha wahala a kansa har ya samu a Swift 5 a 2019?

Hadiza: Wa alaikumus salam. Yaya Bashir, ka buɗe laburaren Swift na asali ka duba map da filter. Duk @inlinable ne. Su da suka kafa ABI ɗin ba su san haɗarin ba ne?

Bashir: Su Apple ne, suna da masu zama su tantance kowane layi. Mu fa?

Hadiza: Ba maganar yawan ma'aikata ba ce, tilas ce ta sa. Idan fankshin na gama-gari ne, mai karɓar kowane irin nau'i, kuma kwamfaila bai ga jikinsa ba, ba zai iya ƙera masa siga ta musamman don Int ba. Sai ya bi ta teburin shaida, yana tambaya a lokacin aiki: nawa ne girman abin nan, yaya ake kwafe shi, wane fankshin zan kira. A cikin madauki mai zagaye miliyoyi, wannan tambaye-tambayen ne ke cinye lokaci. Shi ya sa aka kawo shawarar SE-0193 a Swift 4.2, shekarar 2018, kuma ko sunanta ya haɗa cusawa da keɓancewa, wato ƙera siga ta musamman.

Malam Sani: Ku bari in sa baki, don mu mun ga wannan tun zamanin C++. Duk fankshin da ka rubuta jikinsa a fayil ɗin kai, wato header da masu amfani da laburare ke haɗawa da kod ɗinsu, ya fita daga hannunka. Mutanen KDE, masu rubuta manhajojin Linux, suna da dogon jerin dokoki kan abin da ya halatta a taɓa ba tare da an karya tsofaffin manhajoji ba, kuma fankshin na cikin fayil ɗin kai yana cikin abin da suka ja kunne a kai. Ko Java da ake ganin ta tsira, kwamfailanta javac yana kwafe ƙimar static final, wato wadda ba ta canzawa, ta lamba ko rubutu zuwa cikin ajin da ya yi amfani da ita. Ka canza 10 zuwa 20 a laburare, wanda bai sake haɗawa ba yana nan da 10.

Amma akwai abin da ya fi wanda Bashir ya faɗa muni. Alamar izini ce, ba umarni ba ce. Kwamfaila zai iya cusawa a wuri ɗaya, a wani wurin ya kira na cikin laburare. Ke nan a manhaja ɗaya tsohon jiki da sabo za su iya aiki tare. A ce fankshin ɗin lissafin hash ne, wato lambar da ƙamus ke bi ya gano inda ya ajiye abu, ka canza dabarar lissafin. An ajiye abu a ƙamus da tsohon lissafi, an zo nema da sabo, sai a ce babu shi, alhali yana nan. Ba faɗuwa, ba saƙon kuskure.

Bashir: Allah ya saka, Malam. Ga kuma @usableFromInline. Fankshin mai @inlinable ba ya iya taɓa abin da yake private, sai ka ɗaga kayan cikin gida ka sa musu @usableFromInline, su ma su shiga ABI. Daga ranar ba ka da ikon goge su.

Aminu: Ni duk wannan ya ƙara min son yaren Rust. Babu alkawarin ABI, komai a sake haɗa shi daga tushe, a cusa abin da aka ga dama. Tun sigar 1.75 ma kwamfaila da kansa yake cusa ƙananan fankshin tsakanin kiret da kiret, wato laburaren Rust, ko ba a sa #[inline] ba.

Malam Sani: Aminu, Rust ba ta warware matsalar ba, ta ƙi shiga ne. Apple na son laburaren Swift ya zauna a cikin tsarin waya, kamar yadda ya fara daga iOS 12.2, a sabunta shi ba tare da an taɓa manhajojin mutane ba. A tsarin Rust, in an toshe wata ɓaraka a kiret, sai kowace manhaja mai amfani da shi ta sake fitowa.

Hadiza: Kuma mu raba abu biyu. Yawancinmu ta Swift Package Manager muke raba kod, daga tushe ake haɗa shi tare da manhaja. A nan babu tsohon jiki da zai maƙale, don duk sabuntawa sabon haɗi ne. Tsoron Yaya Bashir ya shafi wanda ya kunna BUILD_LIBRARY_FOR_DISTRIBUTION, saitin raba laburare a bainari, ne kawai.

Bashir: Ai da bainari na fara magana, ƙanwata. Kuma shi wannan mutumin yana da ƙarin damuwa: jikin fankshin ɗin zai fito ɓaro-ɓaro a fayil ɗin .swiftinterface da ke tafiya tare da bainarin, duk wanda ya karɓi laburaren zai karanta shi. Mai sayar da rufaffen kod ya san da wannan.

Hadiza: Ko a bainarin ban yarda da haramci ba. Fankshin mai layi biyu da ke miƙa aiki ga wani, ko madaukin da ma'anarsa ba za ta taɓa canzawa ba, me zai hana? Ka bar dabarar da ka san za ka taɓa a ciki, ka buɗe ɓawon kawai.

Bashir: "Ba za ta taɓa canzawa ba" ɗin ce ban yarda wani ya sani ba.

Malam Sani: To Hadiza, kawo awo. Ki haɗa fankshin ɗaya na gama-gari sau biyu, da alamar da kuma babu, a yanayin release, wato haɗin da ake fitar wa mutane, ki kira shi daga wani modul, wato wani ɓangaren kod dabam. Mu ga tazarar kafin Bashir ya ce ba ta kai a ɗaure kai dominta ba.

Hadiza: Zan yi da Array na Int da kuma na String, don na san tazarar ba za ta zo ɗaya ba.