Barin daji yadda yake, shi ne kula da shi?

Baba Mai Gandu: Ni dai ina nan kan bakana. Wanda ke da daji, in yana son sa, ya jingine gatari ya ƙyale shi. Itace ba ya jiran malami kafin ya girma. Horon nan da ake ta kiran a ba masu dazuzzuka, ƙarshensa dai sara za a koya musu.

Malamin Daji: Allah ya ja da ranka Baba, shiga dajin da aka shuka shekara 20 ba a taɓa shi ba ka gani. Itatuwan sun cunkushe, duk sirara, ganye sai can ƙololuwa, ƙasa ko ciyawa babu saboda rana ba ta sauka. Guguwa ɗaya sai ta kwantar da su tare. Rage cunkoso shi ne a cire raunana, masu ƙarfi su samu rana da ruwa su yi kauri.

Hajiya: Malam, wa ya gaya maka raunana ake cirewa? Nawa dajin gado ne. Mai sayen katako ya zo ya tsince miƙaƙƙu masu kauri, ya bar mini karkatattu da masu kogo. Motarsa ta shiga ƙasa na jiƙe, har yau ruwa ke kwanciya a sawun tayar, ko tsiro babu.

Malamin Daji: Ai maganata ke nan, Hajiya. Mai saye aka bari ya yi zaɓi, kuma waɗanda ya kwashe su ne za su zubar da iri mai kyau. Da an nuna miki, da kafin ciniki an bi dajin an shafa fenti a jikin waɗanda za a sare, a rubuta cewa mota ba ta shiga sai ƙasa ta bushe, na bakin rafi kuwa a bar su su riƙe gaɓa.

Baba Mai Gandu: To kun ji. Da ta ƙyale shi, da ba a kai nan ba.

Ɗalibi: Baba bai faɗi ƙasa ba. Tsohon daji mai itatuwa iri-iri yakan fi son a bar shi, har busasshen da ke tsaye, don tsuntsaye na gida a cikinsa. Sai dai buƙata na tasowa mutum ya sayar. A Amurka da Finlan fiye da rabin daji na hannun masu zaman kansu, ba gwamnati ba. Tun 1713 wani jami'in haƙar ma'adinai mai suna Carlowitz ya rubuta a Jamus cewa kada sara ya wuce abin da daji ke mayarwa. Mai dajin da bai iya wannan lissafi ba, mai saye ne zai yi masa shi.

Hajiya: Nawa da aka riga aka kwashe fa, Malam, ta ina zan fara?

Malamin Daji: Fara da kututturen da suka yi tofo. A kowanne ki bar tsiro ɗaya ko biyu mafi miƙewa, ki datse sauran, ki hana dabbobi shiga har su wuce bakinsu.