Me ya sa nas ke hana 'yan dubiya shiga ICU (ɗakin masu ciwo mai tsanani a asibiti)?

Maman Khalifa, Tudun Wada:
Salam jama'a, dan Allah ina da tambaya. Baffana na kwance a ICU kwana shida kenan da injin numfashi, jiya na je da kunu a fulas nas ta tare ni a ƙofa wai mutum ɗaya kawai, sai na wanke hannu na sa takunkumi, kunun ma ba ta karɓa ba. Raina ya ɓaci wallahi. Doka ce ko wulaƙanci?

Nas Samaru:
Allah ba shi lafiya 'yar'uwa, ba wulaƙanci ba ne. Mai bututu a maƙogwaro da robar fitsari da allurar ruwa a jijiya, duk ƙofofi ne a buɗe, ƙwayar cutar da ke hannunki ba ta miki komai amma shi tana iya kai shi ga nimoniya (ciwon huhu), wasu ƙwayoyin ma ba sa jin maganin antibayotik. Shi ya sa muke ɗaga kan gado digiri 30 zuwa 45, muna goge masa baki, robar fitsari kuma da ta gama amfani a cire. Kunu kam ba zai haɗiya ba, ta hanci ake ba shi abinci.

Ɗan Kofar Doka:
Gaskiya ne Sista, amma ku ma fa wani sai ya taɓa waya ya taɓa mara lafiya.

Nas Samaru:
Yana faruwa. Maman Khalifa, in kin gani ki tunatar da shi cikin ladabi, goge hannu da sanitaiza daƙiƙa 20 zuwa 30 ne.

Maman Khalifa:
To na gode, gobe fulas na gida.