Cikon jijiyar haƙori: na sanyi ko na zafi?

Maman Hanif, Unguwar Rimi:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Turmina na ƙasa, ɓangaren hagu, ya hana ni barci tun makon jiya. Na danna kanumfari har na gaji, babu sauƙi. Da aka ɗauki hoto, likita ya ce ruɓewar ta kai jijiya, ko dai a cire haƙorin, ko a kwashe jijiyar a cike gurbinta. Ni kam ba na son giɓi. Wuri biyu na je. Na farko sun ce sandunan roba za su jera a ciki haka nan a sanyi. Na biyu sun ce su narkar da robar suke yi da na'ura, kuɗinsu kuma ya kusa ninka na farko. Don Allah wanda ya sani, bambancin ya kai a biya?

Baban Amira, Kawo:
Wa alaikumus salam. Hajiya, a cire kawai ki huta. Nawa biyu aka cire, ga ni ina cin tsire lafiya lau.

Likitar haƙori, Barnawa:
Baban Amira, Allah ya bar maka sauran, amma idan aka bar gurbi babu komai, haƙoran gefe kan karkato cikinsa a hankali.

Maman Hanif, sannu, Allah ya ƙara sauƙi. Robar da dukansu suke nufi ɗaya ce, sunanta guta-faca, asalinta ƙaron wata bishiya ce ta yankin Maleshiya. A hanyar sanyi, ana saka babbar sanda ɗaya har ƙasan saiwa tare da wani man liƙi, a matse ta gefe da siririn ƙarfe, a yi ta cusa ƙanana har wuri ya cika. Ita aka fara koya mana a makaranta, kuma likita yana iya tsayar da cikon daidai inda yake so. Rauninta shi ne ɗan sarari kan rage tsakanin sandunan, kuma mai nauyin hannu yana iya tsaga saiwa garin matsawa.

Ta zafi kuwa, wani likita a Amurka, Herbert Schilder, ya bayyana ta a 1967. Ana tausasa robar a danna ta ƙasa, sai ta malala cikin lunguna da ƙananan rassan da sanda ba ta shiga. A hoto takan fito sumul. Sai dai abin da ya narke yana iya zarcewa ta ƙarshen saiwa idan ba a kula ba. Akwai ta uku ma da ake yayi yanzu, sanda guda tak da sabon man liƙi.

Ni dai a ganina, ba a nan gizo ke saƙa ba. Ƙwayoyin cuta ne ke sa aikin ya lalace, kuma ciko ba ya wanke datti, rufe shi kawai yake yi. In an wanke ramin tas, kowace hanya tana kai mutum gida. Don haka ki tambaye su: za su shimfiɗa ƙyallen roba su keɓe haƙorin don kada yawu ya shiga? Da me za su auna tsawon saiwa? Ana so cikon ya tsaya bai fi milimita 2 ba kafin ƙarshenta. Sannan turmin ƙasa yawanci ramuka 3 ne, wani lokaci 4, in aka manta ɗaya, ko da zinare aka cike sauran ciwon zai dawo. Ki ce a nuna miki hoton bayan aiki. Wanda ya amsa waɗannan ba tare da ɓata rai ba, ki je wurinsa, ko da na sanyin ne.

Malam na Tudun Wada:
Likita, kin manta hula! Ni aikina ya yi kyau, na zafin ma aka yi mini, aka ce in dawo a ɗora wa haƙorin hula. Da ciwo ya tafi sai na share, kuɗin ya tafi hidimar Sallah. Wata takwas, ina tauna aya a shago, na ji ƙas. Ya rabe biyu har saiwa, cirewa aka yi. Hajiya, in kuɗin ba zai kai duka ba, ki yi mai sauƙin ki ajiye ragowar don hula.

Likitar haƙori, Barnawa:
Gaskiyarka Malam. Turmin da aka rarake cikinsa ba ya jure tauna kamar da, kuma hular tana toshe wa ƙwayoyin cuta hanya ta sama.

Maman Hanif, Unguwar Rimi:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na kira na farkon, sun ce suna da ƙyallen robar da na'urar awon, kuma zuwa biyu zan yi. Sun ba ni ranar Talata. Malam, akwai aya cikin kwano a gabana, na miƙa wa yara.