Coartem ya gaza, a dawo da kulorakwin?

Alhaji, Tudun Wada: Jama'a, abin nan ya ishe ni. Da can kulorakwin za ka haɗiya, ka sha ƙaiƙayi kwana biyu, zazzaɓi ya kama gabansa. Yanzu jikana ya sha Coartem, mako bai zagayo ba jiki ya sake zafi. Gwamnati ta dawo mana da na da kawai.

Mai kemis, Sabon Gari: Ranka ya daɗe, ba haka kawai aka ajiye shi ba. Ƙwayar cutar ce ta saba da shi har ya daina kashe ta, shi ya sa Najeriya ta koma ACT a 2005, wato haɗin magungunan zazzaɓin cizon sauro irin su Coartem.

Alhaji: To shi ma ai an ce ya fara sanyi.

Ɗalibar likitanci, Shika: Da gaskiyarka Baba, amma da saura. A Kambodiya aka fara gani, sai Ruwanda a 2020, ga Yuganda da Eritiriya. Ƙwayar cutar tana jinkirin mutuwa ne, maganin bai faɗi ba. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce a bi majinyata aƙalla kwana 28, in waɗanda ba su warke ba sun haura kashi 10 cikin 100, sai a canza.

Nas, Kofar Doka: Ni kam ku bar zancen Ruwanda. Uwa za ta miƙo min katin magani, an ɓalle layi biyu, huɗu na nan, wai jiki ya yi sanyi ta ajiye wa ƙaninsa. Sau shida ake sha cikin kwana uku, kuma da abinci mai maiƙo, ko madara ko ƙosai. Alhaji, an ma yi wa yaron gwajin jini? Ba kowane zafin jiki ne cizon sauro ba.

Malami, Samaru: Amma kar ku yi wa Alhaji taron dangi. Malawi ta daina kulorakwin a 1993, bayan shekara goma da ɗoriya aka gwada, aka tarar yana aiki.

Ɗalibar likitanci: Malam, don an daina shansa ne ya farfaɗo, kuma Malawin ma ba ta koma masa ba. Mu nan yaushe muka daina?

Mai kemis: Ko jiya sai da aka tambaye ni shi.

Alhaji: Na ji, gobe za a kai shi gwaji. Amma wa zai sanar da mu in an haura goman nan? Na kulorakwin ma sai da aka yi ta binne yara kafin a canza.