Wa ke da tsofaffin jaridun da suka yi rubutu kan ƙwallon Gusau?

Ɗan Sabon Gari:
Salam 'yan uwa. Jiya a gidan kallon bal ƙanena ya zayyano min tarihin Arsenal tun 1886 kamar karatun allo, da na ce to Zamfara United fa sai ya yi zuru, ni ma da na tambaya ɗin abin da na sani bai wuce mun buga firimiya kuma gidanmu filin Sardauna ba. Na dawo gida na buɗe akwatin marigayi babanmu na samu hoto baƙi da fari, su goma sha ɗaya da koci, ƙungiyar ma'aikatan masaƙa, gola ya tsuguna a gaba ya rungume bal, bayan hoton ba suna ba shekara. Don Allah ina ake samun labarin wasannin wancan lokacin a rubuce?

Baba Na Tudun Wada:
Ɗana, Allah shi jiƙan mahaihinka. Ka tuna jahar Zamfara sai 1996 anka yi ta, kahin nan duk muna ƙarƙashin Sakkwato, saboda haka in ka tai neman labari da sunan Zamfara United ba ka samun komi, da sunan Gusau ko Sakkwato za ka biɗa. Mu lokacinmu rediyo munka dogara da shi, Rima da Rediyon Kaduna, a zagaye akwati guda gindin bedi, in batir ya yi sanyi a ciro a shanya a rana. Jarida kuwa sai ta kwana ta iso, wanda ya iya boko shi karanta muna. Kawo hoton shago in gani, ƙila in gane mutum biyu ko uku.

Ummu Haidar:
Yaya ka gwada wuraren adana tsofaffin takardun tarihi, Arewa House a Kaduna, da National Archives ita ma a Kaduna take. Lokacin da nake furojet na ga ɗaurin jaridar New Nigerian, wadda aka fara bugawa 1966, wasanni a shafin baya suke. Akwai kuma Gaskiya Ta Fi Kwabo tun 1939 daga Zariya. Amma ka tafi da takunkumi, ƙurar ba wasa, kuma wasu shafukan kana taɓawa suna marmashewa. Ka cika wayarka da caji ka yi ta ɗauka.

Lamba Tara:
Kar ka sa rai da yawa malam, 'yan jaridar nan Kaduna da Kano da Jos suka fi bi, Mighty Jets na Jos da suka ci lig na farko 1972 da Raccah Rovers na Kano 1978 su ne ke cin shafi, mu in an yi mana layi uku an gama, ci nawa da nawa shikenan ko sunan wanda ya jefa ƙwallon ba a sawa.

Ɗan Sabon Gari:
Na gode ƙwarai. Baba ina nan zuwa Asabar bayan la'asar da hoton, zan kunna rikoda a waya in ba damuwa.

Baba Na Tudun Wada:
Taho da goro dai.