Baghrir ɗina ya ƙi yin huji, ku taimaka

Amaryar Bana: Salamu alaikum 'yan uwa. Wa ta iya baghrir, wainar semolina ta 'yan Maroko mai ƙananan huji kamar saƙar zuma? Na gwada jiya, ya fito sumul, ko huji ɗaya babu, ga nauyi. Maigida ya ci dai don kara.

Uwar Biyu: Wa alaikumus salam amarya. Faɗa mana awonki tukuna. Kuma kin juya shi a kasko?

Amaryar Bana: Semolina kofi 2, ruwa kofi 2, yis da ɗan sukari. Eh Anti, na juya.

Uwar Biyu: To ga matsalar nan guda biyu. Ba a juya baghrir, gefe ɗaya ake gasawa, sai saman ya bushe da kansa ki sauke. Sannan ƙullunki ya yi kauri. Ni ga nawa: semolina mai laushi kofi 2, fulawa rabin kofi, ruwan ɗumi kofi 3 ko da ɗan ƙari, yis babban cokali 1, bakar hoda (baking powder) ƙaramin cokali 2, gishiri da sukari ƙaramin cokali ɗai-ɗai. Ki zuba duka a bilenda, ruwan ya fara shiga, ki markaɗa kamar minti 2. Idan kin ɗebo da ludayi ya zubo silili ba yankewa, ya yi. Ki rufe ki ajiye har kumfa ta rufe samansa.

'Yar Damagaram: Anti ta gama magana, sai dai a kula da lokacin tashin. Masu girkin can suna cewa minti 15 zuwa 30, amma da zafinmu na bazara minti 15 ma ya isa. In ya wuce ƙa'ida sai ya yi tsami, kumfar ta yi manya, hujin ya haɗe ya zama ramuka. In haka ta faru ki motsa shi a hankali da ludayi kafin ki zuba.

Mai Sinasir: Ni fa ban ga bambancinsa da sinasir ba, in ban da shinkafa.

Hajiya Babba: Akwai mana 'yata. Sinasir kina shafa mai, ki rufe kasko. Wannan ba rufi, kuma mai shi ne babban abokin gabarsa: kasko mara kamu, a bushe. Wuta matsakaiciya. Da kin zuba ludayi ɗaya kada ki baza shi, zai buɗe da kansa. Ki tsaya ki kalla, kumfa za ta fara fashewa daga baki-baki tana shigowa tsakiya, farin danshin yana ja da baya har ya ɓace. Ƙasan ya yi ruwan zuma kaɗan, ba ƙonewa ba. In kasko ya ɗau zafi da yawa ƙasan zai ƙone saman na ɗanye, shi ya sa matan Maroko kan sanyaya gindin kasko da ruwa ko jiƙaƙƙen tsumma tsakanin zubi da zubi. Kada kuma ki jibga su da zafi, mannewa suke. Ki shimfiɗa tawul mai tsabta ki jera su ɗaya-ɗaya su huce.

Amaryar Bana: Allah ya saka da alheri Hajiya. Semolinar tuwo da ke gidana za ta yi?

'Yar Damagaram: Ta yi, in mai laushi ce. In tana da tsaki-tsaki ki fara niƙa ta a bushe a bilenda, ko ki bar ta ta jiƙa a ruwan kafin markaɗe.

Uwar Biyu: Kada a manta da mahaɗi, don shi kansa ba shi da zaƙi sosai. Zuma da bota daidai wa daida, a narkar a wuta kaɗan, a kwarara da ɗuminsa, hujin nan su shanye. Da shayin na'ana'a suke ci, da azumi kuma yana kan teburin buɗa-baki tare da miyar harira. Mutanen Sus a kudancin ƙasar suna da amlu, wato niƙaƙƙen almon da man argan (man 'ya'yan wata bishiya ta can) da zuma.

Hajiya Babba: Man argan ina za mu same shi a nan? Ni man shanu nake soyawa, ban da albasa, in haɗa da zuma. Jikokina ba sa barin ko ɗaya.

Mai Sinasir: To Hajiya kin saye ni. Gobe zan gwada, amma rabin awo zan fara.